Abin da Ya Sa Ba a Cewa "Ba Gajiya" a Marmaron Inna

Dalilin da ya sa in kun zo Marmaron Inna aka ce muku "ina gajiya?" ba a so ku amsa da "ba gajiya", shi zan gaya muku yanzu, tun da kun ƙi barin kunnena ya huta. Tun da motarku ta sauke ku kuke ta ƙyalƙyala dariya, wai kun ji mutanen nan suna gaisuwa a karkace. Kai mai jar riga, kai ka fi kowa dariya, na gan ka. To ku bar kafa tantin nan tukuna, ba gudu zai yi ba. Ku matso inuwar ɓauren nan. Wanda ya riga ya jiƙa wandonsa ya zauna nesa da tabarmata.

Ko'ina a ƙasar Hausa, ko mutum ya yini yana faskare, in ka ce masa "ina gajiya?" cewa zai yi "ba gajiya." Haka aka koya muku, haka aka koya mini. Nan Kurmin Tukurwa ne kaɗai ake amsawa da "akwai gajiya." Wani mutum ne sanadi, sunansa Gagare. Kakan kakana ne, saboda haka ku iya bakinku in kun tashi zaginsa.

A wancan zamani kurmin nan ba ya shiguwa. Gora da tukurwa da igiyoyin daji sun sarƙe, ko rana ba ta kai ƙasa. Gagare maharbi ne, ƙato, mai taurin rai, wanda bai taɓa cewa "wash" a gaban mutum ba. Wata rana ya biyo sawun gada har kwana biyu, sai ya faɗo wani fili mai farin yashi a gindin dutse. Ga ruwa yana ɓuɓɓugowa, garai-garai, da ɗan ɗumi kamar ruwan wankan jariri. Ya durƙusa zai sha ke nan, sai ya ji murya daga cikin ruwan, muryar dattijuwa.

"Sannu da zuwa, maigida. Ina gajiya?"

A lokacin abubuwa suna magana, ba abin gudu ba ne. Gagare kuwa ƙafafunsa sun kumbura, leɓensa ya tsage, amma ya miƙe ya gyara tsayuwa.

"Ba gajiya."

"To madalla," in ji marmaron. "Sha ruwa."

Ya sha, ya koma gida ya ba da labari. Daga nan mutane suka sa mata suna Inna. Kuma ku ji aikin da mutumin nan ya yi, don kada a ci haƙƙinsa. Wata uku yana saran hanya da adda shi kaɗai. Shi ya share filin da motarku take tsaye a kai. Shi ya kafa bukkoki da tukurwa, ya jera duwatsun murhu, ya ɗaura igiyar lilo a reshen maɗaci yadda mutum zai yi lilo ya saki ya faɗa ruwa. In an gama girbi, ko in zafin bazara ya ishi mutane, sai su ɗauro tabarma da tukunya su zo su yi kwana uku ko mako guda. Yara na iyo, samari na kokawa a kan yashi, dattawa na dara a inuwa, ana gasa doya da kifi. Wurin ya zama Zangon Gagare, kuma ya cancanta.

Da mutane suka yi yawa, sai ya kawo ƙanensa Anaruwa. Shi wannan, Allah Ya jiƙansa, ba a taɓa yin mai raki irinsa ba. Magidanci ne da gemunsa, amma in ya ɗauki dami ɗaya na itace sai duk kurmin ya sani. Ranar da ya fara zuwa, Inna ta gaishe shi kamar yadda take gaida kowa.

"Sannu da zuwa. Ina gajiya?"

Anaruwa ya yar da damin itacen da ya ɗauko, ya zube a kan yashi. "Wayyo Inna, akwai ta! Ƙuguna, kafaɗata, har gashin kaina ciwo yake yi."

Kunya ta kama Gagare. Ya daka masa tsawa. "Kai wane irin mutum ne? Ana gaishe ka kana kawo ƙara?"

Amma ruwan sai ya hau tafasa ƙanana-ƙanana, ashe dariya Inna take yi. Ta ce, "Yau na ji wanda ya amsa mini. Shigo, ɗana."

Anaruwa ya shiga har wuya. Ya ce ji ya yi ana zare masa gajiya daga ƙashi, ɗaya bayan ɗaya. Da ya fito sai ga shi yana tsalle, har ya sungumi damin da ya yar. Ashe aikin Inna ke nan tun asali, ɗauke gajiya. Amma ba ta ɗaukar abin da mai shi ya ce babu. Duk wanda ya ce mata "ba gajiya", sai ta yarda da shi, ta bar shi ya yi wankansa ya fita da kayarsa.

To ku lura da wannan, don nan ciwon yake. Gagare "maigida" take ce masa. Anaruwa kuwa "ɗana."

Baƙi dai ba su iya canza bakinsu ba, kowa ya zo "ba gajiya" zai ce. Sai Anaruwa ya riƙa sa musu baki. "Inna, kada ki biye wa tsohon nan, tun Asabar yake tafe, dubi diddigensa." Sai ta ce, "To, tun da ɗana ya faɗa, shigo." Mutum ya shiga da ɗingishi ya fito yana neman abokin kokawa. Sau ɗaya Anaruwa ya gwada yi wa yayansa haka.

"Inna, Yaya ma tun safe yake sara..."

"Wa ya aike ka?" in ji Gagare. "Na ce maka na gaji? Ni ka taɓa ganin na gaji?"

Anaruwa bai sake ba.

Daga nan abu ya fara cin Gagare. Zai dawo daga gyaran hanya, ƙaya ta yayyage shi, ya tarar da ƙanensa kwance cikin ruwa, mutane sun kewaye shi, ana miƙa masa gasasshiyar doya, Inna na ta "ɗana kaza, ɗana kaza." Shi kuwa in ya matso, sai ta ce, "Sannu da aiki, maigida. Ina gajiya?" Ya ce, "Ba gajiya." Ta ce, "To madalla." Shi ke nan, an gama da shi. Sai ya koma kan wani dutse can gefe ya zauna yana wasa addarsa, yana kallonsu ta wutsiyar ido. Kishi ne, yara, ba wani suna gare shi ba. Ba doyar yake so ba, ba taron ba. So yake ko sau ɗaya ruwan da shi ya gano ya ce masa "ɗana." Ni kam ina jin tausayinsa, ko ku ba ku ji.

Abin da ya ƙarasa shi wata tsohuwa ce mai suna Hansai. Ta taho da jikokinta da kayan kwana, ta same shi a sunkuye yana cire kututture daga tsakiyar hanya.

"Sannu da aiki, bawan Allah. Nan ce hanyar Zangon Anaruwa?"

Gagare ya ɗago a hankali. "Zangon wa?"

"Anaruwa mana, mai marmaro. Kai ɗan aikinsa ne? To Allah Ya yi maka albarka, ka gyara masa hanya da kyau."

Ta wuce abinta. Gagare ya tsaya riƙe da gatari har ta ɓace masa.

Da la'asar ya ja ƙanensa bayan bukka. "Anaruwa, tsakaninka da Allah, me ka ba ta? Laya ce ko turare?"

"Wace laya, Yaya? Tambayata take yi, ni kuma in gaya mata gaskiya. Kai ma ka ce ka gaji mana."

"Ni? In tsaya gaban mata da yara in ce na gaji?"

"To ai ka gaji ɗin."

Gagare ya ja tsaki. Gani ya yi ƙanensa ba'a yake yi masa, ya ɓoye asirin ya miƙo masa maganar banza. Sai zuciya ta raya masa cewa in ba zai iya shiga inda Anaruwa yake ba, ai zai iya fitar da Anaruwa.

Washegari da azahar, baƙi sun ƙoshi sun mimmiƙe a inuwa, Anaruwa ya shiga daji neman zuma. Gagare ya zo bakin ruwa ya tsuguna, ya rage murya.

"Inna, akwai maganar da ta daɗe tana damuna."

"Ina ji, maigida."

"Kullum kina jin yaron nan yana cewa na gaji, na gaji. Kin taɓa jin ƙarshen maganar?"

"Tana da ƙarshe ne?"

"Tana da shi. Sai ya ba ki baya yake ƙarasawa. Cewa yake yi, na gaji da Inna."

Kun ji fa, kalma biyu kacal ya ƙara a kan maganar ƙanensa. Ruwan ya yi tsit, ko ɓulɓul ɗaya babu. Gagare ya tsuguna yana jira. A lissafinsa, yanzu za ta juyo gare shi ta ce ashe kai ne nawa. Can sai ta yi magana, muryar a sanyaye.

"Na ji, maigida."

Ko a nan ma "maigida" ta ce. Sai ruwan ya fara ja da baya. Yashi ya fito, kifaye suka hau fafutuka, igiyar lilo ta koma tana reto a kan taɓo. Kafin inuwa ta juya, Inna ta shige ƙarƙashin dutsen can da kuke gani, ba ta bar ko na alwala ba.

Zango ya rikice. Yara na kukan ƙishirwa, iyaye na ɗaure kaya, rafi mafi kusa kuwa tafiyar rabin yini ne. Anaruwa ya dawo da zumarsa, ya ga wurin ruwa a bushe, ya saki ƙwaryar ta fashe. Ya je gindin dutse ya kwanta rub da ciki yana kira, "Inna! Inna, ni ne!" Ba amsa.

Gagare kuwa ba haka ya so ba. Ya ɗauki dagi ya hau haƙa a gindin dutsen. In ya haƙa ya gaji, ya ɗauki tuluna biyu ya tafi rafi ya ɗebo wa baƙin da suka rage, cikinsu har da Hansai, wadda ta ce ƙafarta ba za ta iya komawa ba. Ya dawo ya ci gaba da haƙa. Kwana uku yana haka. Tafin hannunsa ya saɓule, wuyansa ya ƙage, ko abinci ba ya tsayawa ci. Duk wanda ya ce masa sannu, ina gajiya, ku kun san abin da yake amsawa.

A rana ta uku sai murya ta fito daga ƙarƙashin dutse, can ƙasa-ƙasa.

"Anaruwa."

Ba ta ce ɗana ba. Anaruwa ya zabura. "Na'am, Inna!"

"An ce ka gaji da ni."

"Ni? Inna, wa ya ce?"

Ba ta faɗa ba. Amma Anaruwa ya waiwaya ya ga yayansa ya tsaya da dagi a hannu yana kallon ƙasa, sai ya gane. Bai zage shi ba, bai tona shi gaban mutane ba. Cewa kawai ya yi, "Haba Yaya. Da ka ce kana so, ai da na bar maka." Wannan magana ta fi zagi yi wa Gagare zafi. Wato har ƙanensa ne zai bar masa abin da shi ya gano.

Inna ta ce, "Ban san wanda zan gaskata a cikinku ba, kuma na daina sauraron wani a bakin wani. Gobe da hantsi zan fito. Wanda na fara gani zan gaishe shi, sau ɗaya, shi kuma ya amsa da bakinsa. In ɗan Adam yana da bukatata, zan zauna da ku kamar da. In ba shi da ita, ruwa dai zan ba ku, don ban iya hana mai ƙishirwa ba, amma ba za ku ƙara jin muryata ba."

Mutane suka ce ai abu ya zo da sauƙi. A tsayar da Anaruwa, wanda ko daga barci ya tashi cewa zai yi ya gaji. Kowa ya yi na'am, ban da mutum ɗaya. Gagare ya auna ya ga in Anaruwa ya dawo da Inna, to an gama. Har abada shi ne ɗa, shi ne mai zango, shi kuwa Gagare ɗan aiki. Kwana ukun nan da ya sha wuya ba su kashe kishin ba, kwantawa kawai ya yi.

Da gari ya waye aka taru a bakin dutse. Anaruwa ya taka zai tsaya gaba, sai ya ji an dafa kafaɗarsa.

"Koma baya."

"Yaya..."

"Ni ne babba ko kai? Tun yaushe ƙane yake tsayawa gaban wansa a taron mutane?"

Nan fa dattawa suka yi tsuru-tsuru. Kowa ya san Anaruwa ya kamata ya tsaya, amma ba wanda ya iya buɗe baki ya ce ƙane ya sha gaban wa. Shi ma Anaruwa tarbiyyar da aka yi masa ke nan. Ya koma baya, amma ya riƙo gefen rigar yayansa yana raɗa masa.

"To Yaya, don girman Allah ka ce akwai. Kalma ɗaya ce. Akwai."

"Ni za ka koya wa magana?"

Gaskiya kuma ya shirya. Tun da ya buɗe ido yake bita a ransa, akwai gajiya, akwai gajiya, kamar mai hadda. Ya riga ya yanke cewa yau zai ajiye girman kai, ko mata da yara za su yi masa dariya. Ya tsaya daidai bakin ramin da ya haƙa, leɓensa na motsi.

Da hantsi ya dubi ludayi, sai aka ji motsi a ƙarƙashin dutse. Ruwa ya fara tsattsafowa, ya jiƙa yashi, ya zo ya taɓa yatsun ƙafarsa. Inna ta ga mutumin da ke gabanta. Ta ga ramin, ta ga dagin, ta ga hannayen da suka saɓule saboda nemanta. Ita kuwa uwa ce, ko da ta san wanda ya yi mata ƙarya, tausayi ya rinjaye ta.

"Sannu da aiki, ɗana," in ji ta. "Ina gajiya?"

Ɗana! Shekara da shekaru yana jiran wannan kalma, sai ga ta ta zo ba shiri. Ƙirjinsa ya cika, idonsa ya kawo ruwa, duk abin da ya haddace ya watse. Bakinsa kuwa bai jira shi ba. Ya yi abin da ya saba tun yana goye, abin da bakin kowane ɗan mutunci yake yi in babba ya gaishe shi.

"Ba gajiya, Inna."

Hansai ta ɗora hannu a ka. Anaruwa ya durƙushe.

"To madalla," in ji Inna.

Maganarta ta ƙarshe ke nan. Gagare ya faɗa cikin ruwan yana ihu, "Akwai! Inna, akwai! Wallahi na gaji, na gaji tun ranar da na fara ganinki!" Ruwa ya ci gaba da fitowa, ya cika wurinsa, da ɗuminsa da haskensa, kifaye suka dawo. Amma murya babu. Ya yi kira har muryarsa ta dushe, sai ƙanensa ne ya shiga ya kamo hannunsa ya fito da shi.

Gagare ya ƙara shekara arba'in a duniya, kuma bai sake komawa gari ba. Ya kafa bukkarsa a bakin hanya, inda kuka ga an kafa allon nan yanzu. Duk baƙon da ya taho sai ya tare shi ya ce, "In an ce maka ina gajiya, ka ce akwai. Ka ji ko? Kada ka ji kunya, ka ce akwai." Fatansa shi ne wata rana Inna ta ji mutane sun yi ta faɗa ta huce. Anaruwa bai taɓa yi masa gori ba. Kowace safiya sai ya zo ƙofar bukkar ya durƙusa ya ce, "Yaya, ina gajiya?" Tsohon nan ya dube shi ya ce, "Akwai, Anaruwa. Akwai."

Shi ya sa har wa yau, in kun shigo Kurmin Tukurwa, daga mai tsaron ƙofa har ni da ke zaune nan, ba mai ce muku ba gajiya. Ku tashi ku ƙarasa tantinku, ku je ku yi iyo. Amma kafin ku sa ƙafa a ruwa, kowa ya tsaya ya faɗi tasa, da ƙarfi, yadda za a ji a ƙarƙashin dutse. Ni shekarata saba'in da huɗu ina faɗa mata kullum, a madadin kakan kakana. Ba ta amsa ba tukuna.